Saura mako uku a buɗe shafin, kowa na jan zanen gefensa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai tsara fasalin shafuka a wani ƙaramin kamfani. An ba mu aikin sabunta shafin intanet na wata cibiyar koyar da sana'o'i, inda ɗalibai za su riƙa yin rajista su biya kuɗi, kuma saura mako uku wa'adin ya cika. Mu biyar ne: ni, masu rubuta manhaja biyu, mai rubuta bayanan shafi, da manajan aiki. A ɓangaren masu shafin mutum huɗu ne ke turo gyara, wannan ta WhatsApp, wancan ta imel, wani kuma ya kira waya, kuma maganarsu ba ta zuwa ɗaya. Sau shida na sake zana shafin farko. Masu manhaja sun fara gini a kan zanen da tuni aka canza, yanzu ɗayansu da ƙyar yake amsa min magana, yana cewa abin da nake zanawa ba zai ginu a wannan lokacin ba. Manaja ya ce a soke gwaji da masu amfani, a ƙaro mutum biyu. Barci ya ƙaurace min. Ku ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah Ya kawo miki sauƙi. Abin da muka gani a wasiƙarki shi ne, ba ƙarancin lokaci ne babban ciwonku ba. Kwana 15 na aiki sun isa mutum biyar su fitar da shafin rajista mai kyau. Abin da ke cinye muku kwanakin shi ne babu wanda maganarsa ce ta ƙarshe. Zane shida da kika yi ba gazawarki ba ce. Tambaya ɗaya ce masu shafin ba su amsa a tsakaninsu ba, sai suka bar miki ita kina ta amsawa da launi daban-daban. Daga nan za a fara gyara, kuma gobe da safe.

Ki nemi manajanku ya kira zama na awa biyu, su huɗun duka da ku biyar. Abu biyu kawai za a tashi da su. Na farko, sunan mutum ɗaya daga cikinsu wanda zai riƙa yanke hukunci, tun da ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sauran ukun ba a toshe musu baki ba, amma su kai masa ra'ayinsu, shi ya tace ya turo muku da murya ɗaya. A rubuta cewa zai amsa duk abin da aka nuna masa cikin awa 24, idan kuma bai amsa ba, abin ya tabbata haka. Wannan sharaɗi yana da ɗan nauyin faɗa, shi ya sa daga bakin manaja ya kamata ya fito, kuma da lissafi: "Ranka ya daɗe, duk ranar da amsa ta yi jinkiri, rana ce ta fita daga cikin 15 ɗin da suka rage mana." Ko tsarin nan na tsara manhaja cikin kwana biyar da Jake Knapp ya fito da shi a Google, ginshiƙinsa ke nan: a samu mai yanke hukunci guda ɗaya tun kafin a fara zane.

Na biyu, jerin abin da za a buɗe shafin da shi. A rubuta kowane abu a ƙaramar takarda daban, a raba su gida huɗu: dole, ya kamata, in da hali, da ba yanzu ba. Tsohon tsari ne, Dai Clegg ya tsara shi a 1994, kuma masu aiki da shi suna ba da shawarar kada gidan "dole" ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin aikin. A wurinku kwana 9 ke nan, sauran 6 na gyara ne da abin da ba a zata ba. Za ki ga kowa na tura nasa cikin "dole". Maganin haka tambaya ɗaya ce a kan kowace takarda: idan ranar buɗewa ta zo babu wannan, za mu ɗage buɗewar? Idan amsar a'a ce, ba dole ba ne. A irin shafinku, dole shi ne ɗalibi ya ga kwasa-kwasan da ake da su, ya ga kuɗi da ranar farawa, ya cika fom, ya biya, ya samu shaidar cewa an karɓa. Jawabin shugaban cibiya, taskar hotuna, sashen labarai, da hotunan nan masu zagayawa a saman shafin farko duk za su iya jira. Amma kada a jefar da takardun "ba yanzu ba". A rubuta su a matsayin zango na biyu, a sa musu kwanan wata, domin wanda aka ajiye abinsa ya san ba watsi aka yi da shi ba. Da yawa daga cikin gyare-gyaren da ke zuwa da tsakar dare daga mutumin da ya ji an raina ra'ayinsa suke fitowa.

Batun ƙaro mutum biyu, muna ba da shawarar a bari. Tun 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhaja a IBM, ya bayyana cewa ƙara mutane a aikin manhaja da ya makara yana ƙara masa makara. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma masu koyarwar su ne waɗanda aikin ke wuyansu. Tsakanin mutum biyar hanyoyin magana 10 ne, tsakanin bakwai kuwa 21. Idan manaja ya dage, a ba sababbin aikin da ba ya buƙatar koyarwa: rage nauyin hotuna, shigar da bayanan kwasa-kwasai, gwada shafin a wayoyi iri-iri.

Yanzu abokin aikinki da ya ɗauke miki wuta. Wataƙila yana da gaskiya, kuma fushinsa na wanda ya yi gini aka ce ya rushe ne. Kada ki aika masa saƙo. Ki ɗauki kwamfutarki ki je ki zauna kusa da shi, ki buɗe zanen, ki ce: "Malam, a cikin nan wanne ne zai ci maka kwana, wanne ne na awa ɗaya?" Amsar takan ba masu zane mamaki. Akwatin zaɓen kwanan wata da aka yi wa zane na musamman, jerin zaɓi mai ado, abubuwan da ke motsi idan an ja shafi ƙasa, waɗannan ne ke cin kwanaki, alhali burawza tana da nata akwatin kwanan wata da jerin zaɓi a shirye, kuma mutane sun riga sun saba da su a wayoyinsu. Ki tambaye shi wane kundin kayan gini suka saba aiki da shi, Bootstrap ne ko wani, ki yi zanenki a kan abin da ke ciki. A mako uku, zanen da ya dace da kayan da ke hannu ya fi zanen da ya fi kyau a ido.

Daga nan ku yi zane tare, sau ɗaya, na awa ɗaya, a kan shafuka biyun da suka fi muhimmanci: jerin kwasa-kwasai da fom ɗin rajista. Kowa, har masu manhaja da mai rubuta bayanai, ya ninka farar takarda gida takwas, ya zana dabaru takwas cikin minti takwas, ba magana. A manna a bango, kowa ya sa ɗigo uku a kan abin da ya fi gamsar da shi, nan ma ba magana, sannan a tattauna, mai yanke hukunci ya zaɓa. Shirun yana da dalili: idan aka fara da muhawara, mai babbar murya ko babban muƙami ne ke cinye zaman. Kuma mai manhajar da hannunsa ke cikin zane ba ya dawowa bayan mako guda ya ce ba zai ginu ba.

Rikicin gini a kan tsohon zane kuwa, ƙa'ida ɗaya ke kashe shi. A cikin fayil ɗinki na manhajar zane ta Figma, ko duk abin da kuke aiki da shi, ki ware ɓangare uku: "ana aiki", "ana jiran amincewa", da "a gina". Masu manhaja ba sa taɓa komai sai abin da ke "a gina". Abin da ya shiga can kuma ke ma ba ki da ikon canza shi a ɓoye. Duk canji bayan haka ya shiga jerin canje-canje guda ɗaya, a rubuta masa farashinsa na lokaci, a mayar wa mai yanke hukunci da tambaya: wannan zai ci rabin yini, me za mu cire a madadinsa? Yawancin buƙatun canji a nan suke mutuwa da kansu, ba tare da kin yi musu da kowa ba. Gyara kuma a rubuta shi a kan zanen, daidai wurin da ake nufi. WhatsApp ya zama na sanarwa kawai. Wanda ya kira waya, ki saurare shi da ladabi, sannan ki rubuta abin da ya ce a jerin ki sanar da mai yanke hukunci. Kowace safiya ku biyar ku tsaya minti 15, kowa ya faɗi abin da ya gama, abin da zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya.

Yadda kike nuna zane ma yana jawo irin gyaran da kike samu. Idan kika nuna shafi mai launi da hotuna, a kan launi da hotuna za a yi magana. Ki fara nuna kwarangwal ɗin shafin, fari da toka, a kan waya, don a yi magana a kan me ke sama, me ke ƙasa. Idan aka ce "a ƙara girman tambarin", ki tambayi abin da ake tsoro. Sau da yawa damuwar ita ce baƙo ba zai gane shafin wace cibiya ba ce, kuma layi ɗaya na rubutu a ƙarƙashin tambarin ya fi warware ta.

A ɓangarenki, ki daina zana shafi-shafi, ki zana sassa: maɓalli, akwatin fom, katin kwas, kan shafi da ƙasansa. Salon haruffa ɗaya, girma huɗu ko biyar. Tazara ta riƙa tafiya takwas-takwas, 8, 16, 24, 32, don kada mai manhaja ya tsaya tambayarki kowane gibi. Launi ɗaya ga babban maɓalli. Ki fara da faɗin waya, piksel 360 (piksel shi ne ma'aunin girma a fuskar na'ura), domin faɗaɗa zane zuwa kwamfuta ya fi matse shi sauƙi. Rubutu kada ya gaza piksel 16, musamman a cikin fom, saboda Safari, burawzar iPhone, yana zuƙo shafi da kansa idan rubutun akwati ya gaza haka, sai fasalin ya karkace. Ƙa'idojin WCAG, waɗanda aka tsara don shafuka su yi sauƙin amfani ga kowa har da masu naƙasa, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 zuwa 1, ko 3 zuwa 1 ga manyan haruffa. Wurin dannawa kuma, mafi ƙaranci a WCAG 2.2 na 2023 shi ne piksel 24 a tsaye da kwance, Apple na ba da shawarar 44, Google 48. Ki ɗauki 48 ki huta.

Inda za ki zuba lokacinki na gaske shi ne yanayin da masu zane ke mantawa idan suna sauri, wato lokacin da abu bai tafi daidai ba. Ki dubi maɓallin biyan kuɗi. Ɗaliba ta danna, sabis ya yi rauni, babu abin da ya motsa a fuskar wayar. Ta jira daƙiƙa uku, ta sake dannawa, ta sake. Idan ba a tanadi komai ba, ana iya cire mata kuɗi sau biyu, ko ta rufe shafin ba ta san an karɓa ko ba a karɓa ba, washegari kuma wayar cibiyar ta cika da ƙorafi. Don haka maɓallin nan yana buƙatar zane huɗu: kafin a danna, bayan an danna (ya dushe, ya ƙi dannuwa, ya rubuta "Ana aiwatarwa, a ɗan jira"), idan an yi nasara (lambar shaida a fili, da bayanin cewa an aika imel), da idan an gaza (a faɗi ko an cire kuɗi, a faɗi abin yi na gaba). Ma'aunin da Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafuka, ya yaɗa yana da amfani a nan: cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa mutum yana jin abu ya amsa nan take, zuwa daƙiƙa ɗaya tunaninsa bai katse ba, bayan daƙiƙa 10 hankalinsa ya tafi wani wuri. Haka za ki yi wa kowane sashe: yaya katin kwas zai kasance idan sunan kwas ɗin ya kai layi uku, idan babu hoto, idan gurbi ya cika? Abin da ba ki zana ba, mai manhaja zai ƙirƙira shi da ƙarfe biyun dare, kuma daga nan sabon saɓani ke tashi.

Fom ɗin ya zama layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sunan kowane akwati a samansa, ba a cikinsa ba, domin na ciki yana ɓacewa da an fara rubutu. Kowace tambaya a tuhume ta: wa zai yi amfani da amsar kafin a fara karatu? Idan babu, a cire, a tambaya daga baya. Saƙon kuskure ya fito kusa da akwatin da ke da matsala, ya faɗi yadda za a gyara, kuma kada kuskure ɗaya ya goge duk abin da mutum ya cika. Akwatin lambar waya ya buɗe allon lambobi.

Abu biyu ke makarar da irin wannan aiki waɗanda ba sa hannunku, kuma duka a fara bin su a rana ta farko. Ɗaya, amincewar kamfanin da zai riƙa karɓar kuɗi, wanda kan nemi takardun cibiyar kafin ya buɗe asusu. Biyu, bayanan kwasa-kwasai da hotuna daga masu shafin. A sa musu wa'adin rana ta 5. Mai rubuta bayananku ya zauna cikin zanen tun rana ta 2 yana zuba rubutun gaske, kada ki yi zane da rubutun cike gurbi, domin shi kullum daidai yake shiga akwati, na gaske kuwa ba ya shiga.

Gwaji da masu amfani kada a soke shi, a nan ba mu tare da manajanku ko kaɗan. Wataƙila yana hango aikin mako guda ne, alhali rabin yini ne: mutum biyar, minti 30 kowanne. Binciken Nielsen da Thomas Landauer na 1993 shi ne tushen ƙiyasin da Nielsen ya wallafa a 2000, cewa mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, matuƙar masu amfanin iri ɗaya ne. Ƙiyasi ne, ba alkawari ba, amma ya isa ya nuna cewa biyar sun fi babu nesa ba kusa ba. A yi shi a rana ta 5 da samfurin da ake dannawa, kafin a zuba ƙarfi a gini. Ki nemo irin mutanen da za su yi rajista, ba abokan aiki ba. Ki miƙa wa mutum waya ki ba shi aiki: "Kana son shiga kwas ɗin da zai fara wata mai zuwa, nuna min yadda za ka yi, kana faɗin abin da ke ranka." Sannan ki yi shiru. Idan ya tsaya yana kallonki, ki ce "Me kake tsammanin zai faru idan ka danna nan?" Kada ki nuna masa, kuma kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, don zai ce ya yi kyau saboda kara. Hannunsa za ki kalla: inda ɗan yatsa ya tsaya yana shawagi, inda ya koma baya, inda ya danna abin da ba maɓalli ba. Ki roƙi mai manhajar nan da mai yanke hukunci su kalli aƙalla mutum biyu. Wanda ya ga baƙo ya kasa gano inda ake biya da idonsa ba ya buƙatar a lallashe shi. A gyara duk abin da ya tare mutum biyu ko fiye, da duk abin da ya hana ko mutum ɗaya biya. Sauran su tafi zango na biyu.

Ga yadda kwanakin za su kasance. Rana ta 1 zaman yanke hukunci. Ta 2 da ta 3 zanen haɗin gwiwa da kwarangwal, masu manhaja kuma na shirya saba (kwamfutar da shafin zai zauna a kai) da rumbun bayanai da hanyar biya, waɗanda ba sa jiran zane. Ta 4 samfuri, ta 5 gwaji. Daga ta 6 zuwa ta 11 gini, kina gabansu da yini ɗaya, kuma kowace yamma ki zauna da su minti 30 ki duba abin da aka gina a waya ta gaske, don gyaran yau ya fi na mako mai zuwa araha. Rana ta 10 a rufe ƙofar sabon abu gaba ɗaya. Ta 12 gwaji na biyu a kan shafin gaske, da waya mai ƙaramin ƙarfi da sabis mai rauni, har da biyan kuɗi na gaske na ɗan ƙaramin adadi. A ranar ku sa shafin a PageSpeed Insights, shafin Google mai auna saurin buɗewar shafuka: ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fuskar shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma mai laifin yawanci hoto ne da aka ɗora yadda ya fito daga kyamara. A rage shi, a mayar da shi WebP (nau'in fayil ɗin hoto marar nauyi), a rubuta faɗinsa da tsayinsa don shafin ya daina tsalle yayin buɗewa. Tun da sabuntawa kuke yi, a haɗa tsofaffin adireshi da sababbi ta hanyar turawa ta 301, wadda ke kai mai buɗe tsohon adireshi zuwa sabon kai tsaye, in ba haka ba duk wanda ya zo daga Google zai tarar da shafin da babu. A buɗe a rana ta 14 da safe, ba jajibirin hutun ƙarshen mako ba, ta 15 ta zama ta gyaran abin da ya ɓullo.

Barcinki yana cikin lissafin nan. Wadda ba ta yi barci ba ita ce ke manta zanen saƙon kuskure, ta kuma amsa wa abokin aiki da zafi. Ki sanar da manaja lokacin da kike rufe kwamfuta, gyaran da ya zo bayan haka ya kwana a jerin.

Idan kuma a zaman gobe masu shafin suka ƙi naɗa mutum ɗaya, ko suka ƙi rage komai, manaja ya rubuta musu zaɓi uku a takarda ɗaya kafin yamma: a rage abin da za a buɗe da shi a riƙe ranar, ko a riƙe komai a ɗaga ranar da adadin kwanakin da masu manhaja suka ƙiyasta, ko a buɗe a ranar da shafi ɗaya mai jerin kwasa-kwasai da fom da hanyar biya, sauran su biyo baya mako-mako. Su zaɓi ɗaya su amsa a rubuce, kuma kada ki sake buɗe zanen shafin farko sai amsar ta iso.